Dashe Ɗari Huɗu

"Ba zan yi ba, Baffa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ɗaga ido ba. Wuƙar aikin kawai ta naɗe ta ajiye a kan bencin da ke tsakaninsu, ta goge tafin hannunta a jikin riga. A gabansu, ƙarƙashin rumfar raga, dashen mangwaro ne guda ɗari huɗu jere cikin baƙaƙen ledoji, kowanne bai wuce gwiwa ba, ganyensu shar, ba su san abin da ake ƙulla musu ba.

Baffa ya juya ya dubi ɗansa, wanda duk lambun ke kira Manaja tun ranar da ya sayo wa kansa kujera mai juyawa ya kafa a ɗakin ajiye taki. "Ka ji abin da na ji, ko kunnena ne ya fara tsufa?"

"Na ji, Baba. Ilimi ne ke magana."

"Takwara," Baffa ya tausasa murya, "ba kisan kai na sa ki ba. Ki yanke kan kowanne, ki fere, ki mayar masa da abinsa, ki ɗaure da leda yadda kika saba. Kansa ne, jikinsa ne. Wa kika cuta?"

"Wanda zai saya."

Wanda bai san aikin lambu ba zai ɗauka gardamar banza ce. Mangwaron da ya fito daga ƙwallo yana da jijiya mai ƙarfi, amma 'ya'yansa sai yadda hali ya yi: ƙanana, ga tsami, ga zare. Shi ya sa ake yanke kansa tun yana ƙarami, a ɗauko reshe daga uwar itaciya mai 'ya'yan kirki, a haɗa a ɗaure har su zama jiki ɗaya. Wannan haɗin masu lambu ke kira aure. Uwayen itatuwa shida ne a lambun, duk mahaifin Takwara ne ya dasa su da hannunsa kafin ya rasu. Kwana goma da suka wuce, Manaja ya ɗauki famfon feshi da sauran maganin kashe ciyawa a ciki, bai duba ba, bai wanke ba, ya ƙara maganin ƙwari a kai ya feshe su tas. Ganye ya nannaɗe, toho ya ƙone, ba a samu reshe ɗaya da zai yi aure ba. Ga shi kuma an riga an yi wa wani tsohon direban babbar mota alkawarin dashe ɗari huɗu, mutumin da ya ajiye tuƙi ya zuba duk wahalar shekarunsa a gona ɗaya. Dabarar Baffa kuwa ba ta ganuwa: dashen da aka mayar wa kansa zai warke da tabo irin na mai aure sak, ba mai ganewa sai ranar da ya yi 'ya'ya, bayan shekara biyar ko shida.

"Ubanki ma haka ya yi ta fama," Baffa ya ce, murya ta koma yadda take. "Mutum ya zo sayen goma, ya ce masa biyu ba su kama ba, ya dawo wani watan. Tsohuwa ta zo tana lallaɓe-lallaɓe, ya ba ta kyauta har da kai mata gida. Kowa na cewa mutumin kirki. Da ya mutu me ya bari? Tsohon keke da ke. Duniyar nan mai taurin zuciya take buɗe wa ƙofa, mai tausayi kuwa addu'a ake bin sa da ita."

"Ya bar lambun nan da muke tsaye a ciki, Baffa."

Tsohon mai ban ruwa, da ke can gefe da bokiti, ya sunkuyar da kai ya yi gaba. Ba ta yi nufin gori ba, amma maganar ta sauka a inda ba a taɓawa, domin tun tana shekara tara, da ta rasa uba bayan ta rasa uwa, Baffa ke riƙe da lambun, kuma ba a taɓa tayar da zancen na wane ne ba.

"In kuma aka kai wa mutumin nan dashen," ta ƙara, "zan je in gaya masa."

A gidan Baffa ta girma, amma a ɗakin Kaka ta tashi. Sunan Kaka aka sa mata, shi ya sa tsohuwar ke kiranta Takwara har kowa ya ɗauka. Gado ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Kaka ce ta tsaya kai da fata sai an kai ta makarantar koyon aikin gona lokacin da Baffa ya ce karatun ya isa haka. Kullum da la'asar Takwara za ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafafun Kaka a cinyarta tana shafa musu man zafi, ita kuwa tana mita: "Kin ƙwace min suna, kin ƙwace min kyau, yanzu kuma ƙafar kike so ki ɓalle ki tafi da ita?" Takwara ta ce, "Me zan yi da ƙafar da ba ta kai mutum bakin ƙofa?" Sai a yi ta dariya har matar Baffa ta leƙo ta ce ana damun mutane.

Ranar nan da ta dawo, babu dariya. Baffa ya riga ta isa. Yana zaune a bakin gado, Kaka kuma na riƙe da ƙonannen reshe a cinyarta, tana shafa busassun ganyen da yatsa kamar mai shafa kan jariri, hawaye na bin ramukan fuskarta. An gaya mata cewa Takwara ta nemi a danƙa mata lambun, Baffa ya ce ta ƙara haƙuri, ita kuwa ta ce in ba za ta ci ba to kowa ma ya rasa, ta zuba wa itatuwan guba. Ba a hannunta makullin ɗakin magani yake ba?

"Takwara, zo nan. Dube ni. Ke ce?"

"Ba ni ba ce, Kaka. Wallahi ba ni ba ce."

"Shi ma ya rantse…" Muryar tsohuwar ta karye. "Biyar na haifa, shi kaɗai ya rage min. Ke kuma ke kaɗai ce abin da wancan ya bar min. Wa zan ƙaryata a cikinku? Ki durƙusa ki ce kin tuba, ko don ni. Ki koma gobe ki yi aikin da ya sa ki. Baki ne kawai, 'yar nan, ba ya ciwo."

Takwara ta durƙusa, ta kama ƙafafun nan da ta saba shafawa, ta jiƙa su da hawaye. "Kaka, in na ce na tuba, na ce ni na kashe itatuwan babana. In na koma na yi aikin, na cuci tsohon da bai yi min komai ba. Ki sa ni wani abin, ko mene ne, zan yi."

"Kin dai ji, Inna," Baffa ya ce yana miƙewa. "Gidana ba zai ɗauki mutum biyu masu iko ba. Ko ta tuba ta yi abin da na ce, ko gobe ta nemi inda ake biyan mutum don taurin kai."

Da safe ta haɗa kayanta a jaka ɗaya. Kaka ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu, riƙon da ba a san tana da ƙarfinsa ba, ta ce a hankali, "Ashe kin fi son gaskiyarki a kaina?" Da tsohuwar ta ga babu amsa, sai ta saki mayafin, ta juya fuskarta bango. Allah sarki! Da Takwara ta san wannan ce tambaya ta ƙarshe da Kaka za ta yi mata tana sane da wadda take tambaya, da ta nemo amsa ko daga ina ne.

Manaja ne ya yi yankan da kansa. Bayan wata guda aka kai dashen, ita kuma ta yi ta tambaya har ta gano gonar tsohon direban a bayan gari. Ta same shi tsakiyar ramuka jere reras, yana auna tazara da igiya, gumi har cikin gemu. Ya ba ta ruwa, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ɗauki dashe ɗaya ya kwance ledar, ya nuna mata.

"Ga tabon nan, 'yata. Ni ban yi makaranta ba, amma ina da ido."

"Baba, tabon gaskiya ne, reshen ne na ƙarya."

Ya girgiza kai cikin tausayi, tausayin da ya fi zagi ciwo. "An riga an gaya min za ki zo. An ce har itatuwan mahaifinki ba ki bari ba. Shekara talatin da biyar ina kan hanya, na ga abin da fushi ke sa mutum. Je ki nemi gafarar iyayenki. Allah ya shirye ki."

Ta juyo tana tafe tana kuka, ba don kanta kaɗai ba. Tana jin ƙarar shebur ɗinsa a bayanta, yana rufe rami na farko.

Daga nan wahala ta buɗe mata ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya. Duk lambun da ta je neman aiki, labari ya riga ta: yarinyar da ke zuba wa itace guba. Wani ya karɓi takardunta ya duba, ya yaba, ya miƙo mata abinta ya ce shi itatuwansa yana son su. Saurayin da ke zuwa wurinta tun tana makaranta ya aiko ƙanwarsa ta ce mahaifiyarsu ta ce a dakata, dakatawar da ba ta ƙare ba. Ta kama ɗaki a bayan wani injin niƙa, ɗakin da in ta miƙe hannu biyu sai ta taɓa bango da bango, ƙura na sauka a kan shimfiɗarta kamar an barbaɗa. Ta roƙi mai gidan mai ya bar ta ta jera gwangwanaye a jikin katangarsa ta bakin titi. Ta riƙa tsintar ƙwallon mangwaro a kasuwa, mutane na kallonta, mai takardar shaida tana tone bola. Rassan aure kuwa sai ta yi tafiyar rabin yini zuwa wata gonar gwaji, ta naɗo su a jiƙaƙƙen tsumma ta rungumo a mota kamar jinjiri. Shekarar farko ruwa ya yi ambaliya ya tafi da rabin gwangwanayen. Ta biyu awaki suka shiga suka cinye toho a wuni ɗaya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita babu mai ba ta ko ruwa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan ƙofar gidan Baffa. Kowane ƙarshen mako sai ta je, da kwalbar man zafi a hannu. Matar Baffa za ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tsaya a tsakiya. "Tana barci." Wani makon, "Ta ce ba ta son ganinki." Wani makon ba a buɗewa sam. Takan zagaya ta bayan gida ta tsaya ƙarƙashin tagar ɗakinsu, amma an liƙe tagar da katako, wai saboda sauro. Sai ta jingina goshinta da bangon ta yi addu'a: "Ya Allah, ka san ban yi ba. Ban roƙe ka lambu ba, ban roƙe ka suna ba. Ka bar min tsohuwar nan da rai har in wanke kaina a gabanta…"

Baffa kuwa sai gaba. Da ya ga dabarar ta ci, bai ƙara wahalar neman reshe ba. Dashensa duk yana kamawa, ba ya mutuwa, ga araha, masu saye har layi. Aka ɗora bene, aka sayi mota, aka fara kiran sa ya yi jawabi a taron manoma. Da shekara uku ta cika itatuwan ba su yi fure ba, masu gona suka zo tambaya, ya ce ƙasarsu ce ba ta da ƙarfi, ya sayar musu da taki. Wata rana Manaja ya tsaya da mota a gaban gwangwanayenta, ya sauke gilashi, daidai lokacin da take ce wa wata mata, "Kada ki ɗauki wannan, Anti, bai kama sosai ba. Ki dawo bayan sati biyu."

Ya yi dariya har da buga sitiyari. "Har yanzu wa'azin ake yi? Ƙanwata, ki dube ni ki dubi kanki. Wa ya yi karatu a cikinmu?"

"Yaya Kaka?"

"Tana nan, tana cin mai kyau. Ko sunanki ba ta ambata."

Ya ja mota ya bar ta da hayaƙi. Ranar kam ta zauna a kan bulo ta tambayi kanta tambayar da take gudu. Ko dai Baffa ne da gaskiya? Kalma biyu aka nema a bakinta da yankan wuni uku. Da yanzu tana ɗakin Kaka. Ta kalli hannayenta da suka faffashe, ta yi kuka mai isarta, sannan ta tashi ta ɗauki bokiti, domin dashe ba ya jiran mutum ya gama baƙin ciki.

Abin da ba ta lura da shi ba shi ne, matar nan ta dawo bayan sati biyu, ta kuma zo da maƙwabciyarta. Wanda ya sayi biyu bara ya dawo neman ashirin. Tsofaffin da take yi wa aure kyauta a itacen tsakar gida suna aiko 'ya'yansu. A hankali gwangwanaye suka zama ledoji, jikin katanga ya zama ɗan fili da ta kama haya a bayan gidan man.

A shekara ta biyar, wata safiya da zafi ya fara, wani tsoho ya sauko daga babur da buhu a kafaɗa. Sai da ya matso ta gane tsohon direban nan ne, don ya rame, gemun ya yi fari fat. Bai yi sallama ba. Ya kwance bakin buhun ya zazzage a gabanta. Mangwaro ne ƙanana, kamar ƙwan kaza, wasu sun fashe zare ya fito.

"Ɗari huɗu," ya ce. "Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗanɗanawa, ina cewa ko na gaba zai bambanta. Har haƙorana suka mutu." Sai ya durƙushe a ƙasa, dattijo mai jikoki, ya rufe fuska da hula. "Kin zo har gonata, 'yata. Da ƙafarki kika zo. Na ba ki ruwa na kore ki… Shekara biyar ina ɗebo ruwa da bayan nan nawa."

Wani abu ya taso mata a ƙirji, tsohon ɗaci mai son ya ce ai na faɗa. Ta haɗiye shi. Ta durƙusa ta kama hannunsa. "Tashi, Baba, don Allah tashi. Kai aka cuta, ba kai ka yi cuta ba. Ka sare su?"

"Gobe nake so in sa gatari."

"Kada ka taɓa su. Jijiyar da ka shayar shekara biyar tana nan, ba ta san ƙarya ba. Za mu yanke su daidai ƙirji, in sun yi sabon toho in ɗaura musu reshen kirki. Shekara biyu, in Allah ya yarda, za ka ci abin da ka shuka."

Ya ɗago yana kallonta kamar bai fahimci yaren ba. "Bayan abin da na yi miki?"

"Ka dai tanadi zarto mai kaifi. Nawa ya dakushe."

Bai tsaya a nan ba. Ya bi gonaki yana nemo waɗanda suka sayi dashe a hannun Baffa, ya same su da yawa, kowa da buhunsa da baƙin cikinsa. Suka kai ƙara. Ranar da aka zauna a kotu, ga mamakin kowa, tsohon mai ban ruwa ya miƙe daga bayan ɗaki, ya ce yana da magana. Ya ce da idonsa ya ga Manaja ya ɗauki famfon feshin, ya ma ce masa akwai saura a ciki, aka ce ya yi harkar bokitinsa. Ya ce yana nan a rumfa ranar da yarinyar ta ajiye wuƙa. "Na yi shiru saboda bakin da nake ciyarwa," ya ce yana kuka. "Shekara biyar ban ci abinci ya yi min daɗi ba." Da aka buɗe takardun fili kuma, sai ga sunan mahaifinta shi kaɗai. Aka ɗaure Manaja. Motar da sauran abin da Baffa ya tara suka tafi wajen gyara ɓarnar da ya yi wa mutane. Aka miƙa wa Takwara makullin lambu a gaban jama'ar da suka taɓa nuna ta da baki, Baffa kuwa, mutumin da ake kira ya yi jawabi a taro, ya fita ta ƙofar baya yana rufe fuska.

Ba ta bi ta lambun ba. Daga nan gidan ta nufa, har tana haɗawa da gudu. Wannan karon matar Baffa ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta matsa gefe, ta kasa haɗa ido da ita.

Ɗakin na nan yadda ta bar shi, sai duhun katakon taga. Kaka na zaune a tsakiyar gado, ta ƙanƙance kamar yarinya, tana ninke wani ɗankwali tana warwarewa. Takwara ta zube a gabanta.

"Kaka, na dawo. An gano gaskiya, Kaka. Ba ni ba ce, kowa ya ji, ba ni ba ce…"

Tsohuwar ta dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo. "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga wane gida?"

Takwara ta juya ta kalli matar Baffa. Matar ta fashe da kuka. Ta ce shekara uku na farko kullum sai Kaka ta tambaya, kullum da la'asar sai ta sa a zaunar da ita tana kallon ƙofa, su kuma suna ce mata yarinyar ce ta ƙi zuwa. Daga baya ta fara manta abin da ta ci, ta manta sunayen mutane, har ta daina tambaya.

"Kuka kike yi?" Kaka ta miƙo hannu ta share mata hawaye da bakin ɗankwalin. "Wa ya taɓa ki? Bari jikata ta dawo ta ba ki ruwa. Tana makaranta. Kai gare ta kamar dutse, amma ba ta ƙarya. Yanzu za ki ji ta shigo tana tsokanata."

Takwara ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Ta jawo ƙafafun ta ɗora a cinyarta, ta fara shafawa. Kaka ta lumshe ido. "Kin iya kuwa. Hannunki da taushi. Ki riƙa zuwa, kin ji?"

"Zan riƙa zuwa, Kaka."

Sai ga motsi a bakin ƙofa. Baffa ne, ya tsaya kamar wanda ya zo roƙo, ba ya iya shigowa ba ya iya komawa. Fuskar Kaka ta haskaka gaba ɗaya. Ta kira shi da sunan yarinta, ta ce ya zo ya ba ta abinci, yunwa take ji. A duk duniya fuskarsa kaɗai ta rage mata, kuma daga hannunsa kaɗai take yarda ta ci.

Lauya ya ce gidan ma da abin lambun aka ɗora shi, tana iya fitar da su a sati ɗaya. Masu gona suka ce ta fitar, ko don ya ɗanɗana. Ta ce a'a. Da kanta ta ɓamɓare katakon tagar, ta mayar da shimfiɗarta ɗakin, ta ce da Baffa, ba tare da ta dube shi ba, "Za ka zauna. Sau uku a rana za ka shigo ka ba ta abinci, ka yi mata fara'a. Ba don kai ba ne."

Hawaye ya zubo masa. Ta wuce.

Bayan shekara biyu gonar tsohon direba ta yi 'ya'yan da sai da aka tokare rassan da sanduna. Lambun ya cika da masu saye daga nesa, suna cewa a nan ne ake gaya wa mutum wanda bai kama ba. In ɗalibai sun zo koyon aiki suka tambaye ta ko gaskiya da tausayi na kai mutum wani wuri, takan ce suna kaiwa, ga ta nan. In aka sake mayar da ita rumfar nan, za ta sake ajiye wuƙar. Amma ba ta taɓa ce musu kyauta ne ba. Kaka ta rayu wata goma sha huɗu bayan dawowarta, kullum tana yi mata sannu da zuwa, kullum tana jiran jikarta ta dawo daga makaranta. Shekara uku tsohuwar ta yi da hankalinta tana kallon ƙofa, tana zaton an guje ta, kuma ta bar duniya ba ta ji an wanke yarinyar da ta raina ba. Wannan shi ne abin da Takwara ta biya, kuma babu wanda ya iya mayar mata da shi.